Kantin da Za a Buɗe da Sunana

Masu cewa in gode wa Allah na samu miji irin Dakta, na ga saƙonninku, kuma ina godiya. Masu cewa na cika tsirfa, ku ma na gan ku. Ku ɗan gyara zama, don abin da ya faru tsakanin Alhamis da yau Lahadi ya hana ni zama wuri ɗaya, rubutun nan ma rabinsa a tsaye na yi shi.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, wanda a lissafin Gwaggo ya yi daidai da saba'in. Ina aiki a shagon tabarau, ni ke goge gilashi ina ce wa kowa wannan firam ɗin ya yi masa kyau. Babanmu ya rasu. Saura Umma, da ni, da Yaya, shi kuma Yaya ba ya gida. Yana gidan yari cikin masu jiran shari'a, tun lokacin da kaya suka ɓace a siton kamfanin da yake riƙe wa makulli. Ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba. Duk ranar da aka sa za a zauna sai a ɗaga: yau alƙali ya tafi taro, gobe mai gabatar da ƙara bai zo da fayil ba, jibi motar gidan yari ba mai. An ba da belinsa tun bara, amma da sharaɗin wanda zai tsaya masa ya kasance yana da gida nasa na kansa a cikin gari. Mu haya muke. Danginmu masu gidaje kuwa suna nan da yawa, sai dai daga ranar da aka ambaci kotu kowannensu ya tuna takardun gidansa suna hannun wani.

A cikin wannan hali Dakta ya shigo rayuwata. Ba likita ba ne, kantunan magani gare shi, amma kun san mutanenmu, duk wanda ya tsaya bayan kanta ya miƙo maganin ciwon kai ya zama Dakta. Yana da gida mai bene da get mai ruwan toka. Ranar da ya fara zuwa gaishe da Umma, ya durƙusa a kan ledar falonmu da ta fara ɓarewa ta bakin ƙofa, ya ce, "Umma, ai Yaya nawa ne. Ni zan tsaya masa." Tun daga ranar Umma ta fito da kofunan tangaran ɗin da suke cikin kabad tun kafin a haife ni, waɗanda ko gawar Baba ba ta sa an taɓa su ba.

Kada in yi muku ƙarya, ina sonsa. Yana da tsabta, yana ƙamshi ba irin mai hawa kai ba, yana ba ni dariya, kuma sau ɗaya na ce masa ba na shan shayi da sukari bai sake mantawa ba. Magana ce dai ba ya gajiya da ita. In muna tare shi ke tambaya, shi ke ba da amsa, ni aikina murmushi.

Ranar Alhamis ina cikin goge wa wani tsoho tabarau saƙonsa ya shigo.

"Sarauniya, kin ci abinci?"

Wannan tambayar sau uku take zuwa a rana, kamar shan magani. Na ce na ci.

"Na gama da mai shagon nan na bakin babban titi. Sabon kanti. Canki sunan wa za a sa."

"Na Umma?"

"Naki. Lasisi, rajista, allon waje, komai. Kyautar aure tun kafin auren. Ranar Litinin ki shirya katin shaidarki da hoto ƙarami, mu je ofis ki sa hannu."

Na karanta, na sake karantawa, har tsohon ya ce min, "'Yata, in tabarau kike nema ga nawa a hannunki." Na rubuta masa, "Maganar Yaya fa?"

"Da mun gama na Litinin, Talata muna kotu. Kwantar da hankalinki."

Hankalin nawa ya saba da irin wannan kwanciya. An taɓa kwantar da shi zuwa lokacin da Dakta zai dawo daga tafiya, aka sake kwantar da shi zuwa lokacin da za a sabunta takardun gida. Amma wannan karon an ambaci rana, kuma rana ba ƙaramin abu ba ce a gidan da ya daɗe yana jin "nan gaba kaɗan".

Da na kai labarin gida na tarar da Gwaggo, yayar Baba, ta zo yini, ta baje a doguwar kujera da mayafinta mai duwatsu wanda take sawa ko gidan maƙwabta za ta shiga. Ta tafa hannu ta dubi Umma.

"Kin ji mazan yanzu. Ni mijina, Allah ya ji ƙansa, abin da ya taɓa rubuta sunana a jiki katin asibiti ne, shi ma sai da ya yi kuskure."

Umma ba ta yi dariya ba. Kalma ɗaya kawai ta ɗauka daga duk labarin. "Talata ya ce?"

"Talata ya ce, Umma."

Ta tashi ta shiga ɗakin Yaya. Muka ji tana kakkaɓe katifa.

Gwaggo ta rage murya, wato ta dawo da ita daidai ta sauran mutane. "Auta, ki buɗe kunnenki. Kada in ji kin tsaya tambaye-tambayen nan naku na 'yan makaranta. Mutum ya ba ki kanti, ya ba ki aure, ya ba ki ɗan'uwanki. Me ya rage, ya ba ki hantarsa?"

Na tashi na ɗauko tsintsiya. Ni kaina murna nake, sai dai murnar ta ƙi zama. Na share falo, na sake jera takalma, na buɗe firij na rufe ba tare da na san abin da na je nema ba. A wajen aiki ranar Juma'a na ba wata mata tabaran mijinta, ta sa, ta ce duniya ta karkace.

Asabar ce ranar ziyara. Na sa doguwar riga baƙa marar ado da ƙaramin mayafi, don na koyi cewa kwalliya a layin gidan yari ba ta jawo komai sai ƙarin bincike. Aka karɓi wayata aka ba ni ɗan katako mai lamba. Gandirobar da ke duba kaya ta soka cokali a cikin burodin da na kawo ta ko'ina, ta buɗe sabulu ta shinshina, ta ce in ɗanɗana shinkafar. Na ɗanɗana. Ta ce gishiri ya yi yawa. Ita ma ta san gidanmu yanzu ta bakin tukunya.

Ɗakin ziyara dogon benci ne ta nan, dogon benci ta can, da teburin siminti a tsakani, kowa yana ƙoƙarin yin sirri da ƙarfi. Yaya ya shigo da 'yar riga mai ruwan ganye a kan kayansa, da biro a aljihu. Rigar ce alamar aikinsa.

Bari in yi muku bayanin aikin. Wasu lauyoyi na wata ƙungiya ne suka zo suka zaɓi waɗanda suka iya karatu da rubutu a cikin fursunoni, har da Yaya, suka yi watanni suna koyar da su a ƙarƙashin wata rumfa: yadda ake zama da mutum a ji labarinsa daga farko, yadda ake rubuta neman beli, yadda ake tuna wa kotu da wanda ta manta, da kuma inda iyakarsu take, wato wurin da dole su miƙa wa lauya. Akwai wata lauya da ke zuwa duk mako ta duba abin da suka rubuta ta sa hannu. An ba su wani tsohon ɗakin ajiye tsintsiya, da tebur da kujera biyu. Mutanen ciki suna ce wa Yaya Lauyan Ciki, shi kuma duk wanda ya faɗa sai ya ce, "Ni ba lauya ba ne, mai taimako ne," kamar mai amsa sallama. Mutane da dama sun fita ta dalilin takardun da ya rubuta. Yana raka su har inda aka yarda ya tsaya, ya dawo ya zauna a teburinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba wannan ba ne. A gida sunan Yaya Rediyo. Tun muna yara, in kana son magana ta kai ƙarshen layi kafin magariba, ka faɗa masa ka ce kada ya gaya wa kowa. Shi ya faɗa wa Baba na fasa madubin mota, shi ya faɗa wa Gwaggo abin da Umma ta ce game da girkinta, rigimar da har yau ba ta gama mutuwa ba. Wannan mutumin ne yanzu in na ce, "Wancan tsohon me ya yi?" sai ya ce, "Ki tambaye shi."

"Autar Umma," ya ce yana zama. "Kin rame. Soyayya ce ko gishirin shinkafa?"

"Albishirinka. Talata za ka kwana a gida."

Ya ɗaga gira. Na kwashe labarin duka na faɗa masa, da kanti, da allo, da lasisi, da Litinin. Na lura tun watan jiya in na ambaci Dakta sai Yaya ya canza magana, na ɗauka kishin 'yan'uwa ne. Yau bai canza ba. Ya ciro biron daga aljihu, ya duba shi, ya mayar.

"Lasisin da sunanki."

"Da sunana."

"Shi ya ce, ko ke kika roƙa?"

"Ni ina na san ana roƙon lasisi?"

Wani dattijo mai furfura da ake wucewa da shi ya tsaya ta bayansa. "Lauya, takardar nan tawa fa?"

"Ni ba lauya ba ne, Baba. Ta tafi tun Laraba. In an sa rana ni zan zo in same ka."

Dattijon ya wuce yana sa masa albarka. Yaya ya juyo gare ni, fuskarsa ba wasa.

"Ki ɗaga Litinin ɗin nan."

"Saboda me?"

"Akwai abin da na sani, kuma ba nawa ba ne."

"Na waye?"

"Na wanda ya zauna a kujerar ɗakina ya faɗa min. Sai na nemi izininsa. In ya yarda, Asabar mai zuwa ki ji komai."

"Yaya, Litinin jibi ce. Umma ta riga ta wanke maka zanen gado."

"Ki ce ba ki da lafiya."

"In ce wa mai kantin magani ba ni da lafiya?"

Ya kusa yin dariya, bai yi ba. Ni kuwa raina ya fara ɓaci. Na matso har gefen simintin ya taɓa min ciki.

"Kai ne fa. Kai ne ka faɗa wa duk unguwa na yi fitsarin kwance a gidan Gwaggo. Yau da nake buƙatar bakin nan naka, yau ka san sirri? Ni ƙanwarka ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Na sani. Shi kuma ba shi da kowa a nan sai kujerar nan. Abu na farko da nake ce wa duk wanda ya shigo shi ne, abin da ka faɗa a ɗakin nan daga ni sai lauyarmu. In na karya yau saboda ke, gobe wani ya karya saboda matarsa, jibi ba mai sake faɗa mana gaskiya, mu koma rubuta wa kotu tatsuniya. Kuma in maganar ta fita kafin lokacinta, shi za ta ci, ba ni ba."

"To ni ta ci ni ke nan."

"Ba zan bari ba. Abin da nake faɗa wa kowa a ƙarƙashin rumfa ranar wayar da kai, shi zan faɗa miki, don wannan ba sirrin kowa ba ne. Hukuma ba ta san mai kanti ba, ba ta san mai riba ba. Sunan da ke jikin lasisi ta sani. In an samu abin da bai dace ba a wuri, mai sunan ake ɗauka. Ko bai taɓa buɗe kwali ɗaya ba."

Na tuna katifar da Umma ta kakkaɓe. Na ce, "Ka san in na ƙi sa hannu ba mai tsaya maka."

"Ni na rubuta takardar neman belin, Auta. Na san abin da ke ciki."

Gandiroba ya buga sanda a ƙofa, alamar lokaci ya kusa. Yaya ya yi sauri.

"Ba sai kin jira ni ba. Ki tambaye shi da kanki, amma ba irin tambayarki ta gida ba, mai zuwa da amsarta a goye. Tambaya ɗaya, wadda ba a amsa ta da e ko a'a. Ki ce ya ba ki labari. Daga nan ki rufe bakinki. Kada ki gyaɗa kai, kada ki ce haka ne, kada ki taimake shi ya ƙarasa. In ya tsaya, ki jira. Mutum ba ya iya zama da shiru, sai ya nemo abin da zai zuba a ciki, kuma na kusa yake fara ɗaukowa."

"Wannan suka koya maka?"

"Wata guda lauyar nan ta yi tana ɗora min yatsa a baki. Ta ce ba ta taɓa samun ɗalibi mai wahalata ba."

Ya ɗauki ledar burodin da aka sossoke, ya tashi. Bai ce in gaida Umma ba, abin da bai taɓa mantawa ba.

A motar haya na dawo ina ta jujjuya abin. Labarin me zan ce ya ba ni? Sai na tuna kantinsa na farko, na kusa da tashar mota, inda na fara ganinsa ranar da na je sayen maganin mura. Akwai wani magidanci dogo mai sanyin magana da ke kula da wurin, kowa Dogo yake ce masa. Watannin baya na wuce na ga ƙofar a rufe da kwado biyu. Na tambayi Dakta a lokacin, ya ce Dogo ya tafi, ya ja ni zuwa wata hira. Ni kuma na bi, don hirar ta fi daɗi.

Yau Lahadi bayan la'asar ya zo. Na sa riga mai ruwan zuma da ya taɓa cewa tana yi min kyau, na sa ɗan kwalli, na fesa turaren da ya saya min, don in za a yi wa mutum tambaya gara ya ji yana gida. Ya shigo da farar shadda mai ɗinkin zare a wuya, agogo yana walƙiya, da leda biyu: ɗaya lemo da ayaba, ɗaya maganin hawan jinin Umma na wata. Umma ta amsa gaisuwarsa, ta kawo shayi a kofunan nan, ta koma bayan labulen da ya raba falo da baranda, inda ta ce za ta tsince shinkafa. Labulen nan yadi ɗaya ne. Ko numfashi aka yi a falo yana wucewa.

Ya yi maganar fentin kanti, ya yi maganar kalar allo, ya nuna min hoton kantoci a waya. Na bari ya kurɓi shayi.

"Dakta, ba ni labarin kantin tasha. Yaya aka yi aka rufe shi?"

Ya yi dariya. "Wannan tsohon zance? Haya ce ta yi tsada."

Na ɗora hannuwana a cinya. Fankar sama tana juyawa da 'yar ƙararta ta kullum. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba, ji nake kamar na ɗauki bokitin ruwa a ka. Bakina yana ta so ya ce, ai kam haya ta yi tsada yanzu. Na danne shi da haƙori.

"Kuma wurin ba ciniki sosai," ya ƙara.

Na dube shi kawai.

"Wani ya faɗa miki wani abu ne?"

"Ina jinka."

Ya ajiye kofin. Ya gyara agogo. Ya dubi labule, ya dubi fanka, kamar ɗaya daga cikinsu zai kawo masa agaji.

"Mutanen hukuma ne suka zo, kin san su da neman abin faɗa. Wasu kwalaye ne da kwanan watansu ya ɗan wuce. Ɗan wucewa fa. Magani ai ba ya duba kalanda, Sarauniya, Turawa ne ke rubuta wannan don a zubar a sake saya. Kowa a harkar nan yana sabunta takardar jikin kwali. Wanda ya ce miki ba ya yi, bai daɗe a kasuwa ba."

Idona ya sauka a kan ledar maganin Umma. Na ɗauke shi da sauri.

"To da suka zo Dogo suka samu, kuma sunansa ne a lasisi, sai suka tafi da shi. Na ce miki ya tafi, ai ya tafi, ban yi ƙarya ba. Kuma ina kula da iyalinsa. Duk wata ana kai musu shinkafa da mai, ki tambayi kowa. Wani maigidan ko waya ba zai ɗauka ba."

Ya jira in yaba. Na ci gaba da kallonsa. Daga nan kuma ba sai na yi ƙoƙari ba, ko na so yin magana ba abin da zai fito.

"Ki gane tsarin," ya ce, muryarsa ta koma irin ta mai koyarwa. "Sunana ba ya hawa takarda. Ba tsoro ba ne, hankali ne. In aka ɗauke ni, wa zai yi zirga-zirga? Wa zai ga wannan ya ga wancan? Mai fito da mutane dole ya zauna a waje. Dogo ya fahimci haka tun farko. Shari'arsa ce kawai ta ɗan ja."

Ya matso gefen kujera, ya tausasa murya, irin muryar da yake tambayata ko na ci abinci.

"Ke kuma ai daban ce. Mace, matar aure, 'yar mutunci. Ko sun shigo suka ga sunan mace kunya za ta kama su. Shi ya sa ma na ga ya fi. Kuma a ce ta ɓaci gaba ɗaya, a ce an yi rashin sa'a, kwana biyu ne na fito da ke."

Nan na karya dokar Yaya.

"Shi ma Dogo kwana biyu ka ce masa?"

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Murmushin bai tafi ba, ya dai tsaya a inda yake.

"Wa kike gani a wajen ziyara?"

"Yayana."

"To." Ya miƙe, ya kakkaɓe shaddarsa duk da ba abin da ya zuba. "Ni ban taɓa sa sunana a takardar kotu saboda kowa ba. Saboda ke na ce zan yi. Ke ma sai ki sa naki saboda ni, a zama an yarda da juna. Talata tana bin Litinin ne, Sarauniya. Ba ni na jera kwanaki ba."

Ya leƙa bayan labule ya durƙusa. "Umma, zan wuce. A riƙa shan maganin nan bayan an ci abinci." Na ji Umma ta ce Allah ya yi albarka, da muryarta ta kullum. Ƙamshinsa ya daɗe a falon bayan ƙarar motarsa ta ɓace.

Ina zaune inda ya bar ni Umma ta shigo da tiren shinkafar. Ko rabi ba ta tsince ba. Ta zauna a kujerar da ya tashi, ta tattara kofunan, ta ɗora ɗaya a kan ɗaya a hankali kamar masu barci.

"Kin ji, Umma?"

"Na ji."

"Duka?"

"Kunnena lafiya lau."

Na saki numfashi. Na ɗauka yanzu za ta ce Allah ya tsare mu, ta ce a mayar masa da lemonsa, ta ce gobe ba inda za ki. Har na fara tsara yadda za mu haɗu mu tari Gwaggo. Amma Umma ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin Yaya, wadda ta bari a buɗe tun Alhamis don iska ta shiga.

"Ya ce kwana biyu," ta ce.

"Umma."

"Ni dai abin da na ji na faɗa. Ya ce in ma an yi rashin sa'a. Ba lallai a yi ba." Ta shafa bakin kofin da babban yatsa. "Yayanki shekara ta biyu ke nan yana kwana a kan siminti."

"Shi ya ce in ɗaga, Umma. Da bakinsa."

"Zai ce. Ɗana ne, na san abin da zai ce." Ta gyara wa kofunan zama. "Ban ce ki yi ba, Auta. Ban ce kada ki yi ba. Ku biyu na haifa."

Wayata ta yi haske a kan kujera. "Ƙarfe tara zan zo ɗaukarki. Kar ki manta hoto." Umma ta ga hasken, ba ta tambayi ko waye ba. Ta kai kofunan kicin, na ji ta wanke su, na ji ta buɗe kabad ta rufe. Sannan ta dawo ta tsaya a bakin labule da dutsen guga a hannu, igiyar tana jan ƙasa. Rabon Umma da goge min kaya tun ina firamare.

"Wace riga za ki sa gobe?" ta ce, ba ta dube ni ba.